Daga tsugunno zuwa kujerar koci: masu cafke a besbol ɗin Japan da misalin Katsuya Nomura

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai bin wasanni ya ce ya lura a gasar besbol ta Japan manyan masu horarwa da yawa tsofaffin masu cafke ne, wato ɗan wasan nan da ke tsugune bayan mai bugu da garkuwar ƙarfe a fuska. Yana so ya san me ke cikin wannan gurbi da har yake fitar da koci, kuma ta wace hanya mutum ke tashi daga tsugunno ya hau kujerar.

Amsa: Malam, idonka bai yaudare ka ba. Dalilin kuwa shi ne mai cafke yana yin rabin aikin koci tun yana cikin fili. Wanda ya fi kowa nuna haka a Japan shi ne Katsuya Nomura, don haka da shi za a yi bayani, amma sai an fara sanin abin da mai tsugunnon yake yi.

Tsakanin mai jifa da farantin gida mita 18.44 ne. Faɗin farantin bai wuce santimita 43 ba, kuma a samansa akwai wata taga da ido kawai ke auna ta, daga gwiwar mai bugu zuwa ƙasan ƙirjinsa. Ƙwallon da ta ratsa tagar, ko wadda mai bugu ya kai wa sanda ya kuskure, ita ce sitiraik. Uku ya fita. Wadda ta bauɗe kuma bai kai mata bugu ba, idan ta kai huɗu ya wuce zango na farko kyauta, wato na farko cikin zango uku da mai bugu ke bi da gudu kafin ya dawo farantin gida ya ci maki. Ƙwararren mai jifa yana sakin ƙwallo da gudun kilomita 140 zuwa 150 a awa, ke nan kafin rabin daƙiƙa ta iso. Ba a ganin irin wannan ƙwallo sannan a yi shawara. Dole mai bugu ya riga ya yi zato, kuma aikin mai cafke shi ne ya sa zaton ya zama kuskure.

Kafin kowane jifa, mai cafke yana sa hannun dama tsakanin cinyoyinsa ya nuna yatsu: wane irin jifa, miƙaƙƙe mai gudu ne, ko mai lanƙwasa, ko mai zamewa gefe, ko mai faɗuwa ƙasa, sannan ina za a sa shi, kusa da jikin mai bugu ko nesa, sama ko ƙasa. A wasa ɗaya yana yanke irin wannan hukunci sau 140 zuwa 150, kuma kakar Japan wasa 143 ce. Shi kaɗai ne cikin 'yan wasa tara yake fuskantar fili gaba ɗaya, sauran duk shi suke kallo. Japanawa suna kiran tsara jifa bi da bi haikyu, suna kuma yi wa mai cafke laƙabi da nyobo-yaku, wato mai riƙe matsayin uwargida ga mai jifa. A can idan aka yi wa mai jifa ruwan bugu, 'yan jarida sukan fara tambayar wa ya kira wannan jifan. Wanda ya shekara goma sha biyar ana tuhumarsa kowane dare ya riga ya koyi kare shawara da hujja.

An haifi Nomura ranar 29 ga Yuni 1935 a Amino, wani ƙaramin gari na bakin teku a lardin Kyoto. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi cikin talauci, makarantar sakandarensa ta Mineyama kuma ba ta da suna a besbol. A 1954 ya shiga ƙungiyar Nankai Hawks ta Osaka ta hanyar gwaji, ba wanda ya je nemansa. Abin da ake so da irinsa shi ne ya tsuguna a gefen fili yana karɓar ƙwallon masu jifa lokacin ɗumama jiki. A bakin 'yan wasa sunan irin wannan mutum kabe, wato bango. A shekarar farko ya tsaya bugu sau 11 bai samu ko ɗaya ba, saura ƙiris a sallame shi. Sai a 1956 ya kama gurbin dindindin ƙarƙashin koci Kazuto Tsuruoka, a 1957 kuma ya fi kowa hom-ran a rukunin Pacific, ɗaya daga rukunai biyu na gasar, da guda 30. Hom-ran shi ne bugun da ke tsallake katangar fili.

Daga nan sai abokan hamayya suka gano lagonsa: ba ya iya bugun ƙwallo mai lanƙwasa. Abin da ya yi a kan wannan matsala shi ne tushen duk abin da ya koyar daga baya. Ya san hannunsa ba zai iya sauya hanya a tsakiyar bugu ba, to sai ya nemi sanin abin da ke zuwa tun ƙwallo ba ta bar hannu ba. Ya rinƙa tattara bayanan kowane mai jifa, me yake jefawa a wace ƙidaya, yana kuma neman ɗabi'ar da ke tona asirinsa: yadda yake riƙe ƙwallo cikin safar fata, ko farin ƙwallon nawa ke leƙowa, ko tsayin da yake ɗaga hannu. Kazuhisa Inao na Nishitetsu Lions, wanda ya fi ba shi wuya, sai da ya sa aka ɗauko masa shi a fim mai milimita 16 ya zauna yana maimaita kallo har ya ga bambancin riƙonsa. Sakamakon ya fito a lissafi. Ya riƙe kambun hom-ran shekara takwas a jere, 1961 zuwa 1968. A 1963 ya buga 52, tarihin da Sadaharu Oh ya karya da 55 a shekarar da ta biyo. A 1965 ya haɗa kambuna uku, na farko da ya yi haka bayan yaƙin duniya: nasarar bugu kashi 32 cikin 100, hom-ran 42, da maki 110 da bugunsa ya shigo da su. Ya yi ritaya a 1980 yana ɗan shekara 45, da wasa 3,017, bugu mai nasara 2,901 da hom-ran 657. Oh ne kaɗai ya fi shi hom-ran a tarihin gasar. Duk wannan da gwiwoyin da ke tsugunawa suna miƙewa fiye da sau ɗari a dare.

Abin lura shi ne ya juya dabarar. Idan mai bugu zai iya karanta mai jifa, to mai cafke ma zai iya karanta mai bugu, kuma shi ya fi kowa kusa da shi: yana ganin inda ya dasa ƙafa, yadda ya damƙe sanda, ko kafaɗarsa ta motsa a kan ƙwallon da ya bari ta wuce. Har magana yakan yi musu ƙasa-ƙasa daga tsugunne don ya raba musu hankali, abin da ya yi suna da shi.

A 1970 Nankai ta ba shi jagorancin ƙungiya yana ɗan shekara 34, kuma bai ajiye safa ba: shi ne koci, shi ne mai cafke, shi ne mai bugu na huɗu a jeri, gurbin da ake ba wanda ya fi ƙarfin bugu. Ya ɗauki Ba'amurke Don Blasingame a matsayin babban mataimaki, mutumin da ya cusa wa ƙungiyar wasa da tunani. A wannan zamani ne suka fuskanci Yutaka Fukumoto na Hankyu Braves, wanda ya saci zango, wato ya ruga zuwa zango na gaba yayin da ake jifa ba tare da jiran bugu ba, sau 106 a kakar 1972 kaɗai. Nan akwai lissafin da ya kamata mai tambaya ya riƙe, domin yana nuna yadda mai cafke ke tunani. Tsakanin zango da zango mita 27.43 ne, mai gudu kuma yakan ja gaba da mita uku zuwa huɗu kafin jifa, don haka mai sauri sosai yana isa zango na biyu cikin kimanin daƙiƙa 3.3. Daga farantin gida zuwa zango na biyu kusan mita 39 ne, kuma mai cafke nagari yana buƙatar daƙiƙa 1.9 zuwa 2.0 daga shigar ƙwallo safarsa zuwa isarta can. Ke nan abin da ya rage wa mai jifa bai wuce 1.3 zuwa 1.4 ba. Idan ya ɗaga ƙafa sama yadda ya saba ya ci 1.5, an riga an sace zangon ko da kafaɗar mai cafke ta ƙarfe ce. Kafin lokacin, mai cafke ake zargi da kowace sata. Nomura ya ce laifin na mutum biyu ne, ya sa masu jifansa suka koyi sakin ƙwallo da jan ƙafa a ƙasa ba tare da ɗagawa ba idan akwai mai gudu. Yau babu mai jifa a Japan da ba a auna masa wannan da agogo.

Ya ci rukunin Pacific a 1973, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasa a shekarar. Takenori Emoto, wanda bai ci wasa ko ɗaya ba a ƙungiyar Toei, ya zo hannunsa a 1972 ya ci 16. Yutaka Enatsu, tauraron da hannunsa ya daina jure dogon wasa, Nomura ne ya lallashe shi ya koma mai rufe wasa a zagayen ƙarshe, aikin da manyan masu jifa ke ɗauka ƙasƙanci ne a lokacin. An sallami Nomura a ƙarshen 1977, ya ƙarasa wasa a Lotte da Seibu, sannan ya shafe shekara tara yana sharhi. A talabijin ya rinƙa raba tagar bugu gida tara a kan allo yana faɗin inda jifa na gaba zai sauka kafin a jefa. Wannan zama ya yi masa amfani fiye da yadda ake zato, domin ya tilasta masa mayar da abin da ke kansa ya zama magana da wani zai fahimta. Tsofaffin taurari da yawa a nan suke faɗuwa: sun iya, amma ba su san yadda suka iya ba.

Yakult Swallows ta Tokyo ta ɗauke shi a 1990, ƙungiyar da rabonta da kambu tun 1978. Tsarinsa ya shahara da suna ID yakyu, besbol na bayanai. A sansanin share fage da suke yi a Yuma ta jihar Arizona, kowane dare sai 'yan wasa su zauna da littafi da biro shi yana rubutu a allo. Daga abin da yake koyarwa: ƙidayar sitiraik da bauɗe tana da yanayi 12, daga babu da babu zuwa uku da biyu, kuma kowanne yana sauya wanda ke cikin matsi. A bauɗe uku da sitiraik ɗaya mai jifa ne ke tsoro, zai nemi jifan da ya fi amincewa da shi. A sitiraik biyu ba bauɗe, mai bugu ne zai kai wa abin da bai kamata ba. Ya kuma kasa masu bugu gida huɗu. Akwai mai jiran miƙaƙƙe amma yana iya gyarawa idan mai lanƙwasa ta zo, wanda shi ne mai baiwa. Akwai mai zaɓar gefe, ciki ko waje. Akwai mai ƙudurta ɓangaren filin da zai aika ƙwallo. Sai mai caca a kan irin jifan, inda ya sa kansa. Mutum ɗaya yana iya sauya gida daga jifa zuwa jifa, kuma aikin mai cafke shi ne ya gane a wane gida yake yanzu. Idan ya rasa gane komai, sai ya koma tushe: nesa da jiki, ƙasa-ƙasa, inda dogon bugu ya fi wuya.

Duk wannan da ya tsaya a allo in ba don Atsuya Furuta ba. Furuta ya gama jami'ar Ritsumeikan ƙungiyoyi suka tsallake shi, ana cewa mai tabarau ba ya cafke. Ya yi wasa a ƙungiyar kamfanin Toyota, ya ciyo azurfa da Japan a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, Yakult ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen 1989. Nomura ya zaunar da shi kusa da shi a benci. Da an gama zagaye ya dawo, tambaya ɗaya ce ke jiransa: me ya sa ka kira wancan jifan? Idan da hujja, ko an buga ƙwallon an wuce wurin. Idan babu, ko an fitar da mai bugun sai ya sha faɗa. A ganina wannan ita ce gadon Nomura mafi daraja, domin koci mai hukunci da sakamako kawai yana haifar da mai cafke matsoraci, wanda zai rinƙa kiran jifan nesa da jiki dare da rana don kada a zarge shi, har masu bugu su haddace shi su rinƙa jingina kan faranti suna jira.

Kada a ɗauka aikin duk na kai ne. Masu jifan Japan suna son jifan foku, wanda ake cusa ƙwallo tsakanin manuniya da ɗan tsakiya, ta zo kamar miƙaƙƙiya sannan ta nutse gaban faranti, sau da yawa ta daki ƙasa. Irin wannan ba a kama ta, tare ta ake yi: gwiwoyi biyu su faɗi ƙasa tare, safa ta toshe tsakanin cinyoyi, haɓa ta sauka kan ƙirji don kare maƙogwaro, kafaɗu su rusuno gaba domin ƙwallon da ta bugi sulken ƙirji ta faɗo nan gabansa. Kuskuren sabon shiga shi ne ya kai mata hannu, safa ta tashi, ƙwallo ta bi ta ƙasa. Ko ya miƙe ƙirji ya ƙage, ta yi tsalle ta tafi mita biyar. Illar ba ta tsaya a ƙwallo ɗaya ba. Mai jifan da bai yarda mai cafkensa zai tare ba, idan akwai mai gudu a zango na uku sai ya ƙi nutsar da ƙwallon, ta tsaya a tsakiyar taga, a aika ta bayan katanga. Haka jifa zuwa zango na biyu: yawancin lokacin da ake asara a wurin ɗauko ƙwallo daga safa ne da gyara ƙafa, ƙarfin kafaɗa yana zuwa daga baya. A nan Furuta ya yi fice. A 1993 ya kama kashi 64.4 cikin 100 na masu yunƙurin sata, tarihin da har yau ba a karya ba. Ga shi kuma ya ci kambun bugu a 1991 da kashi 34 cikin 100.

Cikin shekara tara Yakult ta ci rukunin Central sau huɗu, 1992, 1993, 1995 da 1997, ta ɗauki kofin Japan, wato karawar zakarun rukunan biyu, sau uku. Karawar 1992 da 1993 da Seibu Lions duk sai da suka kai wasa na bakwai, kuma kocin Seibu, Masaaki Mori, shi ma tsohon mai cafke ne na Yomiuri Giants, wanda ya ci rukuninsa sau takwas cikin shekara tara. Seibu ta ɗauki na farko, Yakult ta rama. Bayan shan kashin 1992 ne Nomura ya matsa wa Shingo Takatsu ya koyi jifa mai nutsewa a hankali irin wanda Tetsuya Shiozaki na Seibu ya wahalar da su da shi, Takatsu ya zama mai rufe musu wasa. A 1995, kafin haɗuwa da Orix, ya yi ta faɗa wa 'yan jarida cewa za su matsa wa Ichiro, tauraron mai bugun Orix, da ƙwallo kusa da jiki. Ichiro ya ƙare da bugu 5 cikin 19, Yakult ta ci huɗu da ɗaya. Misalin da ya fi nuna amfanin ƙidaya shi ne wasan buɗe kakar 1997 a Tokyo Dome. Masaki Saito na Giants ya shekara uku a jere yana buɗe kaka ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Nomura ya sa Takehiko Kobayakawa, wanda Hiroshima ta sallama, ya kuma nuna masa cewa Saito idan ƙidaya ta kai bauɗe uku da sitiraik ɗaya yakan nemi mai bugun hagu da ƙwallo mai lanƙwasowa daga waje. Kobayakawa ya buga hom-ran uku a jere a ranar. Irin wannan ne ya sa ake kiran ƙungiyarsa masana'antar gyaran 'yan wasa.

Sai dai wanda ya tsaya nan bai faɗi gaskiya duka ba. Nomura ya koma Hanshin Tigers a 1999 da allonsa da darasinsa, ya ƙare a na shida, wato na ƙarshe, shekara uku a jere. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: mai cafke yana iya kiran jifan da ya dace, amma idan mai jifa ba ya iya sa ƙwallo inda aka nuna masa, kiran ya tashi a banza, kuma sanin abin da ke zuwa ba ya amfanar mai bugun da hannunsa bai kai ba. Hanshin ta ci rukuni a 2003 ƙarƙashin Senichi Hoshino bayan an sayo 'yan wasa, da Akihiro Yano a tsugunne, wanda ya sha karatun Nomura. Nomura kuwa ya horar da ƙungiyar kamfanin Shidax, sannan ya karɓi Rakuten ta Sendai a 2006, sabuwar ƙungiya mai rauni, ya ɗaga ta daga ta shida zuwa ta biyu a 2009, yana rainon Masahiro Tanaka da mai cafke Motohiro Shima. Jimillar aikinsa na koci: nasara 1,565, rashin nasara 1,563, kunnen doki 76. Ratar wasa biyu kacal, domin kusan kullum ƙungiyar da ke ƙasa ake miƙa masa.

Game da hanyar da ake bi, ta Nomura ba ita ce ta kowa ba. Abin da aka saba shi ne mai cafke ya yi ritaya ya zama kocin batiri, wato mai kula da mai jifa da mai cafke a haɗe, yawanci a ƙungiya ta biyu inda matasa suke. Aikinsa jefa wa yara ƙwallo a ƙasa ɗaruruwa su tare, riƙe agogo, zama da masu leƙen abokan hamayya kafin kowane jerin wasanni a bi masu bugu tara ɗaya bayan ɗaya, da sauya tsarin alamun yatsu idan mai gudu ya kai zango na biyu inda yake hango su. Daga nan sai ƙungiya ta farko, sai babban mataimaki ko kocin ƙungiya ta biyu, sannan kujerar. Satoshi Nakajima ya yi kaka 29 yana wasa, tara na ƙarshe a Nippon-Ham yana haɗawa da kocin batiri, ya riƙe ƙungiya ta biyu ta Orix a 2019, sannan ya ci rukunin Pacific sau uku a jere daga 2021. Shinnosuke Abe ya ajiye wasa a 2019, ya bi ta ƙungiya ta biyu da mataimaki, ya ci rukunin Central a 2024, shekararsa ta farko a kujerar Giants. Waɗanda aka ɗora kai tsaye suna kan wasa sun sha wuya. Furuta kansa ya haɗa wasa da jagoranci a 2006 da 2007 ya ƙare na uku sannan na shida, Motonobu Tanishige, wanda ya karya tarihin yawan wasannin Nomura da 3,021, bai kai Chunichi ko'ina ba aka sauke shi a tsakiyar 2016.

Nomura ya rasu ranar 11 ga Fabrairu 2020 yana da shekara 84. A 2021 Yakult ƙarƙashin Takatsu ta haɗu da Orix ta Nakajima a kofin Japan ta ci huɗu da biyu. Gwarzon gasar shi ne mai cafken Yakult, Yuhei Nakamura, kuma daga 2022 aka ba shi riga mai lamba 27, wadda Furuta ya saka.